Kyandirorin Inna Ladi a Ƙarƙashin Randarmu

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon ciwo, ita kuwa baiwar Allah ba ta ma san ta yi ba. Rannan ta dawo daga ɗaya daga cikin manyan kantunan nan masu sanyi kamar cikin firij, ta zube leda a gabana tana murna, wai, “Sitti,” haka jikoki suke kiran kaka a nan, “shufi, duba abin da na samo.” Kyandirori ne na roba, masu batir. Ka danna gindinsu sai wani ɗan harshe ya kama rawa, ba zafi, ba hayaƙi, ba ƙamshi. Ta ce kantin cike yake da su, ja da fari da kore, har da bishiyoyin roba masu ƙyalli, don lokacin Kirsimeti ya ƙarato, kuma a bakin ƙofa aka jera su kowa yana gani. Na ce, “A Jiddan nan?” Ta ce, “Aiwa, a Jidda mana.” Na juya abin a hannuna, na yi dariya don kada ta kalli fuskata da kyau, na ce to madalla, yau kuma wuta ta koyi yin ƙarya. Tun daga ranar nake jin ƙamshin kakin zuma a hancina, alhali babu shi a gidan.

A unguwar Nuzla ta nan Jidda na tashi, a wani hosh, wato gidan haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya. Yaran yanzu in ka ce musu hosh sai su zaci wurin ajiye mota. Namu ɗakunan bulo ne da katako, rufin kwano, in rana ta take za ka iya gasa gurasa a kan bango. Wutar lantarki tana zuwa ne yadda baƙon da ba ya son masu gida yake zuwa, ya leƙo ya koma. Ba agogo ke tashe mu ba, sagga ne mai kawo ruwa, da gwangwanayensa biyu a sanda suna ƙara yana kiran a ba shi hanya, sai jakin mai kananzir, sai can daga teku ka ji jirgin ruwa ya yi wannan dogon kukan nasa. Da yamma mai balila, dafaffen waken nan na Larabawa, ya wuce yana rera tallarsa, mata su fito da tabarmi, ana tsifar kai ana gulma da Hausa ana zagi da Larabci. Na zauna Bur Sudan, na zauna Alkahira, na yi shekaru a Kano, na hau jiragen da ban iya ƙirgawa ba a bayan mijina, Allah ya jiƙansa, amma ban sake zama inda tari ɗaya za ka yi mutum goma su ce maka sannu ba.

Mai gidan shi ne Kawu Sale. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, kowa dai Kawu yake ce masa. Iyayensa sun zo da ƙafa tun zamanin da, shi kuma ya samu takardar zama ɗan ƙasa, don haka shi ne kafili, wato mai tsaya wa baƙo a wajen hukuma, na rabin mutanen hosh ɗin, har da ni da Ummata tun bayan rasuwar Babana a hanyar Madina. Iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, da sunansa take tsaye. Mutum ne mai tumbi da fara'a, in ya yi dariya sai gadon katakon da yake zama a tsakar gida ya yi ƙara. Damuwarsa ɗaya a duniya, ɗansa Hamza ya isa aure, kuma babu ɗakin da za a saka amarya.

A ɗakin kusurwa, wanda ya fi kowanne faɗi amma rana ta fi dukansa, nan Inna Ladi take. Daga duwatsun wajen Jos wasu Turawan kamfani suka taho da ita tana musu raino. Da suka tashi komawa ƙasarsu ta ce ita ba inda za ta, miji ya mutu, ɗa babu, ga shi ta samu unguwar da ake ce mata ina kwana da Hausa. Kawu ya karɓi kafalarta, ta ci gaba da wanki da guga a gidajen ma'aikatan kamfani. Kirista ce, kuma wannan ba asiri ba ne a hosh ɗinmu, ko akuyar gidan ta sani. Da azumi ita ke mana dakan gero don kada mu galabaita. Ita ta zauna da Umma kwanakin takaba. Kawu yakan tsokane ta, “Ladi, yaushe za ki yi shahada in kai ki Makka ki ga duniya?” Ta ce, “Ranar da ka daina cin cincin ɗina, Alhaji.” Ya ce, “Halas, kin zauna a Jidda ke nan har abada.” A kwashe da dariya.

Da zafi ya fara sassautawa, iskar teku ta soma yin daɗi da yamma, sai ka ga Inna Ladi ta dawo daga wajen Yamanawa masu zuma a kasuwar Bab Makka da dunƙulen kaki a ƙullin zane. Ta leƙo ɗakinmu ta ce, “Hajiya, a ba ni aron uwar surutun nan.” Ni ke nan. Lokacin na zama budurwa, na kai a fara tambayar Umma ni, amma bakina bai san hutu ba. Ba ta ɗora kaki a wuta kai tsaye, sai ta sa shi a dogon gwangwanin man shanu, ta tsayar da gwangwanin a tukunyar ruwan zafi. Mu tace da tsohon ɗankwali, ka ga ƙafafun ƙudan zuma da fukafukai sun tsaya a sama. Lagwanin kuwa zaren auduga ne, mu tufka shi, mu jiƙa a ruwan gishiri, mu shanya. Daga nan sai aikin haƙuri: ki tsoma, ki ɗaga, ki jira ya sha iska, ki sake tsomawa. In na yi gaggawa ta bugi hannuna, “Ke da wa kike tsere? Kin ga ya yi ciki kamar Kawunki.” Guda huɗu muke yi masu launin zuma. Na biyar fari ne, kuma shi ne nawa aikin. In kankare kakin siri-siri kamar ɓawon albasa, in shimfiɗa a farin zane a saman rufin ɗakin girki da sassafe, in yayyafa masa ruwa, in kwashe kafin rana ta yi ƙarfi. Ranar safe tana wanke shi, ta hantsi tana narkar da shi, sai ki san tsakaninsu. Makonni nake wannan hawa da sauka kafin ya yi fari kamar nono.

To ga inda Umma ta shigo. A ɗakin Inna Ladi kyandir ba ya kwana biyu bai sunkuya ba, zafin kwano ya sa shi ruku'u. Mu kuwa randarmu, wadda a nan ake ce wa zir, tana kan ƙafafun katako a lungu mai inuwa, ƙarƙashinta ruwa yana ɗiga tip, tip, wurin ya fi ko'ina sanyi a gidan. Umma da bakinta ta ce a kawo su nan. Mu cika gwangwani da yashi, mu kafa su a tsaye, mu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kowace safiya in Umma ta zo ɗiban ruwan alwala sai ta ƙara yayyafa wa buhun ruwa. Shekara da shekaru haka, hannunta ya saba har ba ta sanin ta yi.

In saura Lahadi huɗu Kirsimeti, sai Inna Ladi ta zuba yashi a faranti, ta kewaye bakinsa da ganyen darbejiya da na raihani, ta yi wa huɗun nan gurabe a zagaye, ta bar na farin a tsakiya, wanda ranarsa ba ta zo ba kuma yana nan ƙarƙashin randa. Bayan magariba ta ja ƙofarta, ba don ɓoyo ba, don iska, don kyandir in yana shan iska gefe ɗaya yake ci ya yi ta zubar da hawaye. Ta datse lagwani da almakashi ya rage kamar farcen ƙaramin yatsa, ta kunna ɗaya, ta yi waƙarta ƙasa-ƙasa da Hausa. Lahadi ta gaba biyu, haka har su cika. Ta ce na farko sa rai ne, na biyu salama, na uku farin ciki, na huɗu ƙauna, farin kuma sai ranar haihuwar Almasihu. Na tambaye ta wa ya ƙirƙiro wannan. Ta ce a ƙauyensu da fitilar kasko da man kaɗanya suka sani, wata baturiyar mishan ce ta koya musu, wai a ƙasarsu a wannan lokacin rana tun la'asar take faɗuwa, duhu ya yi ta tsawo, shi ne kakanninsu suke ƙirga makonni da haske, kowane mako a ƙara ɗaya, don a tuna duhu ba ya dawwama. Na ce, “Inna, mu nan ai rana ce ta yi mana yawa.” Ta ce, “Shi ya sa naku a ƙarƙashin randa yake kwana.” In ta gama ba ta hurawa. Ta lashi yatsu biyu ta matse lagwanin, ɗif, ba hayaƙi. Ta ce hurawa tana watsa kaki, tana bar wa ɗaki wari, kuma abin da ya yi maka hidima ba ka sallamarsa da tofi. Umma takan tsaya a bakin ƙofa wani lokaci ta ce, “Annabi Isa ai namu ne mu ma, alaihis salam.” Ranar Kirsimeti kuwa shinkafa da kaza da cincin har ɗakin Kawu, faranti biyu ake kai masa, kuma na sha ganinsa da idona ya leƙa ya kunna sigarinsa a jikin farin kyandir yana cewa ashanarsa ta ƙare.

Shekarar da abin ya faru, wasu sababbin 'yan haya suka shigo daga Makka, Sa'adiyya da mijinta da jaririnsu. Ita a Makka aka haife ta, ba ta taɓa zama gida ɗaya da Kirista ba, ba ta ma san kamanninsa ba. Ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ɗanta, jiki ya yi zafi kamar garwashi. Ran Lahadi ta uku ta fito neman ruwan sanyi a rikice, ta ga haske a tsagar ƙofar kusurwa, ta leƙa. Me za ta gani? Tsohuwa a durƙushe, wuta uku a zagaye, ganye, yashi, ana waƙa ƙasa-ƙasa. Sai ta ƙwalla ihu, “Sihiri! Wallahi sihiri! Ita ta kama mini ɗa!” Ni har ga Allah ban taɓa riƙe Sa'adiyya a zuciya ba. Uwa ce da ɗa a hannu yana numfashi sama-sama, kuma abin da ta gani, in ba ka sani ba, haka ya yi kama. Mu baƙaƙen Nuzla kuma dama kalmar nan tana bin mu a gari kamar ƙuda, ko turare ka cika sai a kalle ka. Abin da ake buƙata kawai mutum ɗaya ya dafa ta ya ce, ya Sa'adiyya, kwantar da hankalinki, kyandir ɗin sallarsu ne, mu muke ajiye mata.

Washegari da hantsi mijinta ya zo da wani mutum daga wajen umda, mai unguwa. Aka fito da farantin tsakar gida, a rana. Kowa ya fito. Mutumin, wani dattijo mai sanyin magana, ya duba ya ce, “Esh hada?” wato mene ne wannan. Inna Ladi ta yi bayani da guntun Larabcinta, ta ce na idinsu ne, a ɗakinta take yi, kowa ya sani. Ya juya wajen Kawu. Kawu ya gyara zama, gadon ya yi ƙara, ya ce, “Wallahi ya shekh, ni ma yau na fara ganin wannan abu a gidana.”

Na ɗauka wasa yake, irin nasa. Na jira dariyar. Ba ta zo ba. Dattijon ya dubi matan da ke tsaye ya ce akwai wanda ya san wannan abu? Matan da suka ci shinkafar nan shekara da shekaru kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce ni na sani, ni na tufka lagwanin, kakin zuma ne daga Bab Makka, sauran biyun ma suna ƙarƙashin randarmu yanzu haka, Ummata ce take yayyafa musu ruwa kullum, a tambaye ta. Na juya ina kallon Umma da ƙarfin gwiwa, don na san ta, ba ta taɓa yin ƙarya ko ta wasa ba.

Ta kama damtsena ta matse har sai da farcenta ya shiga. Ta ce, “Ka yi haƙuri ya shekh, yarinya ce, surutu gare ta, duk unguwa an sani. Mu tsakaninmu da matar nan gaisuwa ce kawai.”

Inna Ladi ba ta kalli Kawu ba. Idonta a kan Umma yake. Kyandirorin nan uku kuma suna cikin rana, ina gani suka fara sunkuyawa.

Dattijon ma kamar ya fahimci inda aka dosa, don ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, magana tana hannun kafili, in ya tsaya mata halas, kowa ya koma ɗakinsa. Ya buɗe wa Kawu ƙofa har haka. Kawu ya shafa gemu ya ce shi mutum ne mai iyali, ba zai ɗauki nauyin abin da bai san kansa ba. Shi ke nan. Ba a doke ta ba, ba a kulle ta ba. Sunansa kawai ya janye daga takardarta, wanda ba shi da kafili kuwa jirgi ne nasa.

Ta koma unguwar Mahjar wajen wasu mata Habashawa kafin jirgin ruwan da zai mayar da ita ƙasarta ya tashi. Ranar da za ta bar hosh ɗin ta bi ƙofa-ƙofa tana sallama, har ƙofar Sa'adiyya, ta tambayi jikin yaro, wanda ya riga ya fara warkewa kamar sauran yaran unguwa. Da ta zo tamu Umma tana ciki ta ba da baya, wai tana tsintar shinkafa. Inna Ladi ta ce, “Hajiya, na gode da sanyin randa.” Umma ba ta juyo ba. Ta zaro na huɗun daga yashi ta sa a jakarta, ta bar farin. Ta ce mini, “Wannan naki ne, uwar surutu, ke kika sha hawa rufi a kansa. Ki bar shi a tsaye, kada ya kwanta.” Na bi ta har bakin titi ina kuka, tana ce mini in koma kada a ce na yi rashin kunya.

Ban yi wa Umma magana ba sai abin da ya zama dole. Ni na karɓi yayyafa wa buhun ruwa. Ba a jima ba aka yi wa ɗakin kusurwa fenti, aka ja masa waya aka rataya ƙwan lantarki, aka sa ranar auren Hamza. Ranar da aka kawo amarya, ana guɗa ana kiɗa, tana sa ƙafa a ɗakin wuta ta ɗauke. Fitilu duk suna wajen maza. Kawu yana ihu daga waje, “Yalla, a kawo haske, amarya a duhu, aib!” Sai na ga Umma ta nufi lungun randa. Na tare ta na ce, “Umma, nawa ne.” Ta ce, “Matsa.” Na ce, “Ni ta ba wa.” Ta ture ni da kafaɗa, ta ɗaga buhun, ta zare shi. A kan kantar da Inna Ladi take ɗora farantinta aka kafa shi. Ya kama, harshensa a miƙe, ba rawa ba hayaƙi, ɗakin ya cika da ƙamshin zuma, don mun yi shi da kyau. Mata suna ta masha Allah. Sa'adiyya da kanta ta ce, “Kai, wannan sham'a mai kyau, Hajiya a ina kika samo?” Umma ta ce, “A kasuwa.” Babu wanda ya ce sihiri. Da wuta ta dawo, ango ya cika kumatu ya hure shi, kaki ya fantsama a sabon fenti, lagwanin ya yi ta hayaƙi ba wanda ya kula.

Na girma, na san abin da iƙama take nufi ga bazawara mai 'ya budurwa. Ba sai an yi mini bayani ba, na yi wa kaina shi sau ba adadi, a Bur Sudan in na ga Habashawa da siraran kyandirorinsu masu launin zuma, a Alkahira in na ga Kibɗawa, Kiristocin can, suna kafa nasu a yashi kamar yadda muke yi. Abin da ta faɗa a gaban dattijon nan na ba shi uzuri tuntuni. Tsoro ne. Amma daren bikin ba wanda ya tsare ta da tambaya. Da muna Kano na matsa wa mijina har ya kai ni Jos, na yi ta tambaya a bakin coci-coci kamar mahaukaciya, wata Ladi da ta zauna Jidda. Suka ce Ladi wa? Wane ƙauye? Sai a nan na gane shekarun nan duka ban taɓa tambayarta ba. Inna Ladi ce kawai, ta ɗakin kusurwa.

Umma ta tsufa a hannuna, a unguwar Bani Malik, a gida mai na'urar sanyi da firij, ba randa. Na yi mata duk abin da 'ya take yi wa uwa, kuma ina roƙa mata rahama kowace salla. Wata rana da la'asar ina shafa mata mai a ƙafa, tana ba ni labarin hosh, ta tuna sunan sagga, ta tuna sunan akuyar Kawu, har launin zanen da amaryar Hamza ta ɗaura. Na ga hankalinta garau. Na ce a raina yau dai za mu yi maganar nan, ko kalma ɗaya ce ta faɗa in sauke. Na ce, “Umma, kin tuna Inna Ladi?”

Ta dube ni, idonta tar a kaina, ta ce, “Wace Ladi?”

Na ci gaba da shafa man.

Jikata ta jera kyandirorinta na roba a kan tebur, suna ta rawarsu ta ƙarya, ta tafi ta bar ni da su. Da magariba ta dawo ta same ni na lashi yatsu biyu ina matse kan ɗaya daga ciki, yana ta ci abinsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, “Sitti, ba haka ba, a ƙasa ake dannawa!” Na ce to zo ki kashe kayanki, 'yar nan. Ni kyandirin da na iya kashewa, ba a bar ni na kashe shi ba.